Wai in an gwada magani a kan ɓera bai mutu ba, shi ke nan mutum ya sha?

Adda Hauwa Pantami:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin harkar magani ku taimaka min da bayani. Innarmu ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ya kai shekara biyar, in za ta tashi daga sallah sai ta dafa bango, mun je asibiti sun ce ƙashin ne ya goge saboda shekaru ga kuma jiki, suka ba ta magani ya ɗan lafa ya sake dawowa. To wajen wata uku da suka wuce maƙwabciyarmu ta kawo mata wani na gargajiya a gorar roba, irin na masu yawo da mota da lasifika ɗin nan, ruwan baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana, ana shan rabin kofi safe da yamma. Wallahi kwana biyu da farawa ta miƙe, har kasuwa ta je da ƙafarta, abinci kuwa sai an ce mata ya isa. Da farko murna muka yi, amma yanzu na lura fuskarta ta cika ta yi zagaye, ƙafa na ɗan kumbura, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, da dare tana fita fitsari sau huɗu sau biyar. Ita kam cewa take lafiya ce ta samu.

Shekaranjiya na tare mai maganin na ce me da me ke ciki, ya ce sirrin gidansu ne, amma kar in damu an kai shi lab na jami'a an gwada a kan ɓeraye ko ɗaya bai mutu ba, ya ciro wata takarda da aka liƙe da leda ya nuna min. Abin da na iya riƙewa dai akwai LD50 da kuma 5000 mg/kg. A jikin gorar babu sunan abin da aka haɗa, sai lambar waya da jerin cututtuka, basir, sanyi, taifot, olsa, ciwon gaɓoɓi, duk shi kaɗai. Tambayata, mene ne LD50 ɗin nan, kuma da gaske in ɓera ya sha bai mutu ba maganin ba shi da illa ke nan?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Adda, Allah ya ba Inna lafiya. Ni ma ina nan ina jiran amsa don goggona irinsa take sha, nata ma a galan take saya.

Hamma Sale Biyokem:
Adda Hauwa wannan tambaya kam ta zo gidana, don da irin aikin na gama digiri, wata biyu cur ina kwana ina tashi da ɓeraye har ƙannena suka sa min suna sarkin ɓeraye. LD50 yana nufin yawan abin da in aka ba dabbobi a lokaci ɗaya rabinsu za su mutu. Ana auna shi da nauyin jiki, wato miligiram kaza a kan kowane kilo. In lambar ƙarama ce abin mugun dafi ne, in babba ce to ba ya kisa nan take. Kalmar da nake so ki riƙe ita ce nan take.

Bari in faɗa miki yadda muka yi namu ki ga iyakar abin. Ni ganyen sabara aka ba ni. Na shanya a inuwa, na daka, na jiƙa, na tace, aka busar da ruwan ya zama kamar ƙullin kwalta, shi ake aunawa. Ɓerayen ba na gida ba ne, farare ne masu jan ido da ake kira Wistar, mu daga Vom muka sayo su can kusa da Jos, a kwali mai huji a bayan mota, kafin mu iso Gombe zafi ya kashe mana biyu, na kusa kuka don kuɗin aljihuna ne. Sai aka bar su sati biyu su saba da wuri. Hanyar da yawancin ɗalibai ke bi a ƙasar nan ita ce ta wani masani mai suna Lorke, wadda ya fitar a 1983, saboda ba ta cin dabbobi da yawa. Zagayen farko ɓera tara, a raba su uku-uku, a ba su 10, 100 da 1000 mg/kg, a zuba musu ido awa 24. In ba wanda ya mutu sai zagaye na biyu, ɓera uku kacal, ɗaya 1600, ɗaya 2900, ɗaya 5000. Ana riƙe shi ta fatar ƙeya a zura masa wani siririn ƙarfe mai dunƙulallen baki a kan sirinji har maƙogwaro a tura, in hannunka ya karkace ruwan ya tafi huhu ɓeran ya mutu a hannunka ba don maganin ba, don gangancinka. In na ƙarshen ya kwana ya tashi sai ka rubuta LD50 ya wuce 5000. Shi ke nan abin da takardar mutumin nan ke cewa, in ma ta gaske ce. Ɓera goma sha biyu, kowanne ya sha sau ɗaya, aka duba gobe yana numfashi.

Inna kuma wata uku take sha safe da yamma. Kin ga ai ba hanya ɗaya ba ce. Gwajin da ya ɗan yi kama da nata shi ne wanda ake ba dabba kullum har kwana 28 ko kwana 90, ana auna nauyinta duk sati, a ƙarshe a ɗebi jini a duba sinadaran ALT da AST masu nuna lafiyar hanta, a duba yuriya da kiriyatinin na ƙoda, sannan a fede ta a ciro hantar da ƙodar a saka a fomalin a yanka siriri a duba a madubin likita. A nan ake kama ɓarnar da ba a gani da ido, ɓera na iya yawo yana cin abinci lafiya ƙalau alhali hantarsa ta fara lalacewa. Ki tambaye shi ko yana da takardar wannan, na san sai dai ya ƙara miki ƙarar lasifika.

Sannan wani abu, wa ya ce abin da aka kai lab ɗin shi ne a gorar Inna? Samfur ɗaya aka kai shekarun baya, in ma an kai, shi kuwa kullum dafa sabo yake.

Bappa Manu Kumo:
Ni fa ban son yadda 'yan boko kuke raina maganin gargajiya. Kakanninmu da sabara da maɗaci da marke suka rayu, wasu sun haura shekara casa'in ba su taɓa ganin allura ba. Na Bature da kuke yabo ba shi aka gwada a kan yaranmu a Kano ba a 1996 lokacin sanƙarau? Kamfanin Pfizer da maganinsu Trovan, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, sai da aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Su ba su da lab ɗin ne? Tsohuwa ta samu sauƙi ku bar ta ta sha abinta.

Famasis Jummai:
Bappa abin da ka faɗa na Kano gaskiya ne, ba mai musu, kuma har yau muna biyan bashinsa don yana cikin abin da ya sa mutane da yawa suka ƙi allurar foliyo daga baya. Amma ka lura abin da aka yi ƙara a kai shi ne an ba yara magani ba tare da an yi wa iyayensu cikakken bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba. To mai gorar nan fa, ya gaya wa Inna abin da take sha? Ya ce sirri ne. Kuma ba wanda ya raina itace, maganin maleriya da muke bayarwa yau a kemis, irin su Coartem, asalin sinadarinsa daga ganye aka ciro shi a Chana, dangin tazargade, matar da ta jagoranci aikin Tu Youyou har kyautar Nobel ta samu a 2015. A Abuja ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD daga haɗin gargajiya ta fitar da Niprisan na masu sikila. Bambancin kawai an san me ke ciki an san nawa ake sha. Kakanninmu da kake magana su da kansu suke zuwa daji su saro, sun san itacen, sun san wanda ba a ba mai ciki, sun san zaƙami ba abin wasa ba ne. Ba su sayi ruwa a gora daga hannun wanda gobe yana Dukku jibi yana Azare ba.

Adda Hauwa ni ba ma ɓerayen ne suka dame ni ba, bayanin da kika yi ne. Ban ga Inna ba kuma ban auna ruwan ba, saboda haka zato nake, amma ciwon shekara biyar ya ɗauke cikin kwana biyu, cin abinci ya buɗe, fuska ta yi zagaye, ga ƙishirwa da yawan fitsari, wannan kama yake da wanda ke shan sitiroyid, irin su dexamethasone, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don ƙiba ana ce musu sha-ka-fashe. Sananniyar dabara ce a ƙasashe da yawa, a daka ƙwayar Bature a zuba a jiƙo a ce gargajiya ne, wani lokaci a haɗa da diclofenac, maganin ciwon jiki. Sitiroyid yana kashe raɗaɗi da kumburin gaɓa sosai, amma in aka daɗe a kai yana ta da suga, yana ta da hawan jini, yana cinye ƙashi, ga raunana garkuwar jiki. Diclofenac kuma in aka yi ta sha yana ƙwaƙule ciki ya taɓa ƙoda musamman ga tsofaffi. Kuma abin haushin, irin wannan haɗin zai iya tsallake gwajin kwana ɗaya lafiya lau, ɓeran ba zai mutu ba.

Don Allah abu ɗaya, kar ki je ki ƙwace gorar yau ki zubar. In da gaske sitiroyid ne, jikin da ya yi wata uku yana samunsa daga waje ya rage yin nasa, in aka yanke lokaci ɗaya mutum na iya faɗuwa, jini ya sauka, amai, har abin ya kai ga rai. A hankali ake janyewa kuma likita ke tsarawa. Ki kai ta asibiti gobe da gorar a hannu, a auna suga da hawan jini a duba ƙoda.

Zancen takarda kuma, ko lambar NAFDAC kika gani a jikin maganin gargajiya ki duba ƙarshenta, yawanci za ki ga harafin L. Ma'anarsa an yi masa rajistar wucin gadi bayan an duba bai nuna cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba, shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin nasu ba. Na Inna ko wannan ma bai da shi.

Kuma kar a ɗauka na kemis ba ya illa. Farasitamol da kowa ke haɗiya kamar gyaɗa, babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya takwas mai miligiram 500. In ya yi yawa hanta tana juya wani kaso nasa zuwa guba, abin da take kashe gubar da shi ya ƙare, sai ta fara cin kanta, kuma mutum zai iya yin kwana ɗaya biyu kamar ba komai kafin ido ya yi ɗorawa. Wanda ya sha na ciwon kai ya ƙara da na mura bai san shi ma akwai farasitamol a ciki ba, kin ga an ninka. Sai kuma wanda ba maganin ne da laifi ba, abin da aka narka shi a ciki ne. Masu shekaru za su tuna My Pikin, maganin haƙoran yara, ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu a ƙasar nan saboda an yi amfani da diethylene glycol, sinadarin da ake sawa a man birki, ƙodarsu ta tsaya suka daina fitsari. Shi ne dai ya sake kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta maganin tari. Wannan ba ɓera ake nema a kama shi ba, na'ura ake sa wa kowane rukuni da aka haɗa kafin ya fita kasuwa.

Alhaji Babayo Tudun Hatsi:
Hajiya famasis Allah ya saka. Tunda ana zancen guba bari in sako namu na 'yan hatsi ko da ba shi aka tambaya ba. Mutane na tsoron maganin gora amma wake da suke ci kullum fa? Ni a kasuwa na girma, na ga mai zuba maganin ƙwari Sniper a ruwa yana yayyafa wa wake kafin ya ɗinke buhu, na ga mai jefa ƙwayar nan mai hayaƙi tsirara cikin buhu ba ko ƙyalle, sati bai cika ba an kai kasuwa. In ka yi magana ya ce ai shekara nawa muna yi ba wanda ya mutu. Turai a 2015 suka hana shigar da busasshen wakenmu saboda sinadarin da ke cikin Sniper ɗin, sun auna sun ga ya wuce ƙa'idarsu nesa ba kusa ba. Mu kuma mun cinye abinmu. Ni dai na koma buhun nan mai leda biyu a ciki, in ka ɗaure da kyau ƙwaro iska yake rasawa ya mutu ba sai ka sa komai ba, ya fi tsada amma da shi nake ajiye na gidana da na sayarwa.

Hamma Sale Biyokem:
Alhaji, sinadarin da ke cikin Sniper ɗin sunansa dichlorvos, shi ne kuma a yawancin fiya-fiya da ake fesa wa sauro a ɗaki a rufe ƙofa da yara a ciki. Yana toshe wani sinadari da ke sa jijiya ta huta bayan ta aika saƙo, shi ya sa wanda ya sha za ka ga yawu na dalala, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina. Asibiti da gudu, allurar atropine suke bayarwa, ba manja ko madara ba, kuma kar a sa shi amai.

Na dawo ne don na manta rabin tambayar Adda, wato ko da an yi gwajin ɓeran yadda ya kamata, ɓera ba mutum ba ne. Ɓera ko amai ba ya iya yi. Jikinsa yana sarrafa magani da sauri fiye da namu, shi ya sa in za a kwatanta abin da aka ba shi a kan kowane kilo da na mutum sai an raba da wajen shida. Farasitamol ɗin da famasis ta ambata, mu muna sha, mage kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Misalin da malaminmu ba ya gajiya da shi shi ne thalidomide, maganin barci da tashin zuciya da aka fito da shi a Jamus a 1957, ana tallarsa da cewa ba shi da haɗari don an ɗura wa ɓeraye da yawa ba su mutu ba, mata masu ciki suka yi ta sha, kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da dubu goma da guntayen hannuwa da ƙafafu. Da aka koma lab daga baya sai aka ga ɓera ba ya nuna wannan illar sosai, zomo ne ya nuna. Tun daga nan aka ce dole a gwada a kan dabba iri biyu kuma har da masu ciki. Bayan dabba ma sai an bi matakai uku a jikin mutane da yardarsu, daga 'yan kaɗan zuwa ɗaruruwa zuwa dubbai, abin yana cin shekaru.

Ba ina cewa aikin ɓera banza ba ne fa, kar sufabaizana ya gani ya ce na ci amana. Maganin dafin maciji da ake yi wa mutane a Kaltungo, da ƙananan ɓeraye ake auna ƙarfinsa kafin a saki, a haɗa dafin da maganin a yi musu allura a ga nawa zai tsare su. Ƙofar farko ce. Matsalarmu firojek dubu nawa ne a jami'o'inmu suka tsaya a ƙofar farkon nan, ɗalibi ya rubuta ganyen kaza ya sauke suga a ɓera, ya karɓi makinsa, littafin ya tafi kan kanta ƙura ta rufe, sai wani ya samu fotokwafin shafi ɗaya ya liƙe da leda ya shiga mota da shi. Nawa ma ban san inda kwafinsa yake ba yanzu.

Bappa Manu Kumo:
To na ji. Amma dai in an auna aka ga ba komai a ciki ku dawo nan ku faɗa, kar ku yi shiru.

Adda Hauwa Pantami:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bappa ga shi na dawo tun kafin a auna. Jiya da safe na lallaɓa Inna muka je, sai da na ce mata awon ido za a yi kafin ta yarda ta hau Keke. Suga ya hau sosai, ita da ba ta taɓa yin ciwon suga ba, jinin ma ya hau, na ƙoda sai jibi za mu karɓa. Likitan da ya kalli fuskarta ya kalli gorar bai ce komai ba sai da ya tambayi wata nawa, na ce uku, ya ce kar ta ƙara sha amma ya rubuta mata wata ƙwaya da za a riƙa ragewa duk sati, kusan yadda Anti Jummai ta faɗa. Tun a hanya take min faɗa wai na haɗa baki da likita za a mayar da ita dafa bango, har yanzu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Da yamma ina share ɗakinta na ga wata gorar sabuwa ba a buɗe ba a bayan kwallaye, ashe biyu take saya. Anti ita wannan ɗin ina zan kai a duba abin da ke ciki?

Famasis Jummai:
Kar ki buɗe ta kuma kar ki juye a wani mazubi, ki bar ta yadda take da takardar jikinta. Ki kai ofishin NAFDAC na nan Gombe ki ce ƙorafi kika kawo, ki tafi da katin asibitin Inna da sakamakon awon, ki rubuta ranar da aka saya da inda motar ke tsayawa. Ki kuma gaya wa likitan ya cike fom ɗin rahoton illar magani, akwai shi a asibiti. Maman Ilham ke ma ki leƙa fuskar goggo. Gwiwar kuma a koma wa likita a nemi abin da zai rage mata, don in ciwon ya dawo ba a ba ta komai ba wallahi maƙwabciyar nan za ta aika a sayo ta uku.